Cokali Biyu da Suka Rage a Gwangwanin Baba Osmanu

Jawabin Ishaq Bara'u a taron addu'ar arba'in na marigayi Baba Osmanu, Lozells, Birmingham

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya ba mu aron Baba Osmanu shekara saba'in da huɗu, ya karɓi abinsa ranar da ya so, bai shawarci kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Allah ya gafarta Malam, limaminmu Malam Ameen. Dattawan Zango da suka kamo hanya tun safe daga unguwar Cheetham Hill ta Manchester, sannunku da zuwa. Shugaban ƙungiyarmu Dokta Abdulsalam da 'yan kwamitinsa. Mma Sherifatu, ƙanwar marigayi, uwa a gare mu duka. Yaya Waris, ɗansa tilo. Iyayenmu mata da ke kan tukwane tun jiya, da sauran jama'a. Assalamu alaikum.

Na san ba ni kwamiti ya so ya tsaya a nan ba. Mma Sherifatu ce ta dage. Dokta ya ce to, minti biyar, kuma in rubuta in nuna masa tukuna. Na rubuta, na nuna, ya ce ta yi kyau. Takardar tana nan a aljihuna, akwai "babban rashi" har sau huɗu a cikinta. Ba ita zan karanta ba. Dokta, a yi mini afuwa, ai kun san halina kafin ku ba ni makirufo.

Kun ga kwalin takalmin nan da na ajiye a kan tebur. Shi ne aka ce na sata. Sati uku da suka wuce, ranar da aka kwashe flat ɗin Baba don a mayar wa council masu gidan makullinsu, Yaya Waris ya ce duk tarkacen kitchen a zuba a baƙar leda a kai skip ɗin shara. Na bi ledar har ƙasan bene, na kwance ta, na ciro wannan. Kafin in isa gida Selly Oak an rubuta a group ɗinmu na waya cewa yaron nan mai baƙin baki ya yi gaba da kayan mamaci. Ban musa ba. Kayan ba nawa ba ne, na Yaya Waris ne, yau na kawo masa a gaban shaidu. Jirgin ƙasan da zai mayar da shi Manchester ƙarfe shida ne. In ya tafi bai ɗauka ba, na san ya gama da maganar mahaifinsa har abada, kuma abin da ya hana ni barci ke nan kwana arba'in.

Wannan kettle ɗin yanzu ya tafasa, na kashe shi. Shayin da ke cikin kwalin nan ba a zuba masa tafasasshen ruwa, ƙonewa yake yi. Sai zafin ruwan ya ɗan sauka. Iya lokacin da nake da shi ke nan, ba minti biyar ɗin Dokta ba.

Baba Osmanu ya kasance mutum ne da ba mu taɓa neman sa a ranar daɗi ba. Ranar suna ba a tuna shi, ranar walima sai an gama a ce kai, an manta da Baba Osmanu. Amma a yi mutuwa, wayarsa ce ta farko da za ta yi ƙara. Shekara talatin shi ke wanke mana gawa a garin nan. Shi ya san wane ofishi ake zuwa, wace takarda ake karɓa, wa ake roƙo a saki gawa kafin Juma'a. Akwai masu zaune a ɗakin nan da hannun da ya taɓa mahaifinsu na ƙarshe hannun Baba Osmanu ne.

Ya kasance direban bus shekara ashirin da biyu, bayan shekarun da ya yi yana ɗaukar kwali a warehouse a Cheetham Hill har bayansa ya lanƙwashe. Ya kasance in an ce baƙo zai sauka a tashar coach, motocin doguwar tafiya, ɗan Kumasi ne ko ɗan Zariya, bai tambaya ba, zai je da jacket biyu, ɗaya a jikinsa ɗaya a hannu. Ya kasance shi ke raka tsofaffinmu wurin likita ya zauna ya fassara, ya fito bai taɓa faɗa wa kowa ciwon wani ba. Mu da ko atishawa mutum ya yi sai mun kai ta Manchester kafin la'asar.

Ya kasance kuma mai taurin kai. Zan faɗa, don ba mala'ika muka binne ba. In Baba ya ce bai yi laifi ba, ko Malam Ameen bai isa ya juya shi ba. Za mu dawo kan wannan.

Ni ba a masallaci na san shi ba. Shekara uku da suka wuce ina aikin kai parcel, bayan na bar jami'a a shekarar farko, don dalilan da ba na yau ba. Aka ba ni wani ɗan ƙaramin kwali mai rubutun Japan, hawa na huɗu, lift ya lalace, mota na kan double yellow inda aka hana tsayawa. Na hau ina zagin lift, ina zagin council, ina zagin wanda ya yi odar, da Hausar Jos tsagwaronta, don na ɗauka ba mai ji. Ƙofa ta buɗe, wani dogon tsoho ya ce mini da Hausarsa ta Zango, in na gama da uwar lift ɗin, in cire takalmi in shigo.

Na ce ina sauri. Ya ce ya gani.

Ya zaunar da ni a ƙasa a kan darduma. Ya fito da kayan nan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai fito da jariri daga wanka. Ga kwanon, ku duba, na yumɓu ne, bakinsa ma a karkace yake, a kasuwar gwanjo ta car boot ba wanda zai kalle shi sau biyu. Ga ɗan siririn cokali na gora. Ga 'yar rariya. Ga wannan kuma, maburgi ne, sai dai daga guntun gora ɗaya aka tsaga shi, tsinke kusan tamanin, kowanne siriri kamar gashin baki. Ya ɗumama kwanon da ruwan zafi, ya jiƙa bakin maburgin don kada ya karye, ya zubar da ruwan, ya goge da farin ƙyalle. Ya tankaɗe koren gari cokali biyu. Ina kallon agogo, ina jin ticket ɗin tara yana sauka a gilashin motata. Ya zuba ruwa ɗan kaɗan, ya yi bisimilla a hankali, sai wuyan hannunsa ya fara gudu, gaba da baya, gaba da baya, ba zagaye irin na miya ba, har kumfa ta rufe saman. Ya juya kwanon, ya ajiye a gabana, ya miƙo mini dabino ɗaya.

Na kurɓa, na ce Baba wannan ai ciyawa aka dama, ba madara ba sukari? Ya ce mai shayi yana Lozells Road, ƙofa a buɗe take. Na shanye. Na sauko na tarar da ticket ɗin yana jirana. Asabar ta gaba na koma, har yau ban san me ya mayar da ni ba.

Sunansa matcha. Ganyen shayi ne aka niƙa ya zama gari, ba a tace shi, da ganyen ake sha. Baba ya koya ne a tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana yana saurayi, a jirgin kamun kifi na Japanawa, wurin wani tsohon kuku da ba ya jin Turanci, shi kuma Baba ba ya jin yarensa. Shekara huɗu da ido kawai suke magana. Ranar da jirgin zai tafi tafiyar da ba dawowa, tsohon ya naɗe kwanon nan a tawul ya ba shi. Daga Tema zuwa Manchester zuwa hawa na huɗu a Lozells, shekara hamsin, bai ko tsage ba. Sai da ya zo hannunmu ya shiga baƙar leda.

Ni kuma, da ba ni da aiki sai karance-karance, na tafi library na kwaso duk littafin da ya ambaci shayin nan. Na dawo ina yi masa gyara. Na ce Baba, littafi ya ce ba haka ake riƙe cokalin ba, kuma ba dabino suke ci ba, wata alewa ce ta wake. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya tambaye ni ko littafin ya taɓa yi wa wani shayi ya sha. Na tattara littattafan na mayar library.

Yanzu ga maganar da kowa ya sani ba mai son a faɗa.

Shekara bakwai da suka wuce Yaya Waris ya nemi auren wata yarinya 'yar babban gida, mutanen Najeriya, masu karatu. Ba zan kama suna ba, ta yi aurenta, Allah ya ba su zaman lafiya. Danginta suka turo mutum biyu daga Manchester su ga uban yaro, kamar yadda aka saba. Baba ya kwana biyu yana share flat. Ya yi tunanin me zai ba manyan baƙi, ya ga ba shi da abin da ya kai kwanon nan. Ya zaunar da su a ƙasa. Ya durƙusa, ya yi shiru, ya tankaɗe koren gari daga gwangwani mai rubutun da ba sa iya karantawa. Suka ga leɓensa yana motsi. Suka ga ya juya kwano kafin ya miƙa. Suka ce ya fara kurɓa, ya ce a'a, mai gida ba ya sha, na baƙo ne.

Jama'a, ku sa kanku a wurinsu, ni ma na sa. Bahaushe ya ga an dama kore, an yi motsin baki, an juya kwano, kuma mai bayarwa ya ƙi sha. Ɗaya ya ce yana azumi, ranar Asabar. Ɗayan kunya ta sa ya shanye, ya koma gida idonsa ya ƙi rufuwa, zuciyarsa na bugawa, don bai san ƙarfin shayin nan ya kai na kofi ba. Mutum mai digiri biyu. Gari na wayewa labari ya gama Manchester cewa uban yaro ya ba su asiri don a mallake yarinya. Aka fasa auren.

Su baƙi ne, sun yi kuskure sun tafi. Mu fa? Mu da muka san shi shekara talatin? Mu muka ɗauki maganar muka yi mata ƙafa. Muka ce dama shirunsa ya yi yawa. Muka ce ai ya daɗe cikin masu bautar gumaka. Aka daina tura yara gidansa da abincin Sallah. Akwai wanda mahaifiyarsa ta rasu, ya kira Baba ya yi masa zirga-zirgar takardu kwana biyu, ranar jana'iza ya ƙi ba shi hannu. Yana nan, ina ganinsa, ba zan kalli wajen ba. Ba ɗayanmu da ya hau hawa huɗu ya ce Baba, mene ne a gwangwanin nan? Tambaya ɗaya ce, ba ko sisi.

Yaya Waris, ranka ya ɓaci kuma kana da gaskiya. Ka rasa wadda kake so saboda kwanon shayi, kana cikin gari ana nuna ka da baki. Ka zo ka ce ya je ya ba su haƙuri, ya ce bai yi laifi ba, ba inda za shi. Da ya je, da ya yi bayani, wataƙila da ba mu nan. Bai je ba. Na ce muku yana da taurin kai, kai ma ba a ƙasa ka tsinta ba. Sau ɗaya tak ya taɓa yi mini maganar, yana goge kwano bai ɗago ba, ya ce:

"Abin da ya fi komai daraja a gidana na ba su. In na ba da haƙuri, me zan ce na yi?"

Amma ga abin da ba ka sani ba. Akwai jirgin Manchester da ke isowa wajen ƙarfe ɗaya ranar Asabar, shi ka saba hawa a da. Baba ya san minti nawa bus zai yi daga tasha zuwa Lozells, ai aikinsa ne. Ƙarfe biyu saura kwata yake ɗora kettle. Ƙarfe biyu ya kashe. Ya tsaya a taga zafin ruwan na sauka. In ya kai yadda ake so ba ka hawo ba, sai ya juyo ya ce Ishaq, zo ka zauna. Na ɗauki wata shida ina jin kaina ɗan gata kafin in gane. Shekara uku shayin wani nake sha. Na ji haushinka, na ji haushinsa, kuma duk Asabar ina hawa benen nan.

Yanzu nawa laifin. Ranar Laraba da aka kwantar da shi a asibiti, ya ba ni wayarsa ya ce in kira ka. Abin da ya ce in faɗa kalma uku ce: Baba na nemanka. Na fita corridor na kira. Ban faɗi ko ɗaya daga cikinsu ba. Na ce maka ɗan da ya yar da ubansa, na ce maka matsoraci, na haɗa da wasu da ba zan maimaita a gaban Malam ba. Ka kashe waya, ni ma da ni ne zan kashe. Na koma na ce masa ba ka ɗauka ba. Sai Juma'a Mma Sherifatu ta same ka, ka taso, ka iso an rufe masa fuska. Kwana biyun nan ni na cinye maka su da bakina. Mutanen group sun ce ni ɓarawo ne, sun yi daidai, kayan satar ne kawai suka kuskure. Ka yafe mini in za ka iya. In ba za ka iya ba, kada ka haɗa laifina da nasa. Ya neme ka.

Saura abu ɗaya, don na ga Dokta yana nuna mini agogo, kuma ruwa ya kusa.

Ranar sadakar uku, a flat ɗin Baba aka yi girki. Anti Raki, ki gafarce ni, ba tona miki asiri zan yi ba, ke kika fi kowa wahala rannan. Kuka ta ƙare mata ana tsakiyar miya, mutane sun cika har bene. Ta buɗe fridge ta ga gwangwani cike da koren gari mai laushi, ta ce Allah sarki Baba, har kuka mai kyau yake ɓoyewa. Ta juye a tukunya, da daddawa da kifi da yaji, ta burga. Miya ta ƙi yauƙi, ga ɗaci. Aka ɗora wa daddawar laifi, aka ce ta kasuwar Peckham ce ta London. Amma an ci. Na tsaya a ƙofar kitchen ina kallon faranti suna dawowa a sharce. Dattawan Manchester sun ci. Kwamiti ya ci. Wanda ya ƙi ba shi hannu har ƙari ya nema.

To ga shi nan. Asirin da kuka gudu shekara bakwai, kun haɗiye shi da tuwon semo kwana talatin da bakwai da suka wuce. Wa ya haukace? Wa aka mallake? Iyaka dai kun kwana ido biyu kuna cewa jimamin rashi ne.

Ku yi dariya, ba laifi, shi ma da zai yi. Ni ban yi ba, don da na ciro gwangwanin daga leda na karkata shi, abin da ya maƙale a gindi cokali biyu ne. Na kwano ɗaya. Daga shi babu sauran shayin da Baba ya saya da hannunsa.

Ruwa ya yi. Ku ba ni minti biyu, ku yi shiru in za ku iya.

Ana ɗumama kwano. Ana jiƙa maburgi. A zubar, a goge. Rariya, don kada ya yi gudaji. Ɗaya. Biyu. Shi ke nan, gwangwani ya zama fanko. Bismillahi. Kun ji da kunnenku, abin da leɓensa ke faɗi ke nan. Kumfar tawa manyan ido gare ta, da yana nan da ya ce in sake. Ana juya kwanon ne don gefen da ya fi kyau ya fuskanci baƙo, iyakar sihirin ke nan. Ni ba zan sha ba. Mai yi ba ya sha, kuma na sha rabona har da na wani.

Yaya Waris, ga shi. An ɗora maka ruwan nan Asabar ɗari uku da wani abu. Wannan ne na ƙarshe.

Zan jira. Kumfa ba ta daɗewa, amma zan jira. Dokta, zauna don Allah.

Mma, kada ki ce masa komai. Bar shi.

To. Alhamdulillahi, ya taso. A ba shi hanya, a janye kujerar nan.

Da hannu biyu, Yaya. Hagu a ƙasa. Kurɓa uku ake yi.

Na baya ba ku ji ba, ya ce akwai ɗaci. Akwai. Dabino ake fara ci, yana aljihuna tare da takardar Dokta, na manta. Kun gani, ko yau sai da na ɓata wani abu.

Ya sake tambaya. Ya ce yaya ake wanke maburgin. Ruwan ɗumi kawai, Yaya, ban da sabulu, ka kaɗa shi a ciki ka tsayar da shi ya sha iska. Kada ka sa shi a leda yana da danshi. Ga kwalin, akwai tawul ɗin a ƙasa, da shi ake naɗe kwanon. Sauran zan rubuta maka kafin ƙarfe shida. Rubutawa zan yi, ba zan kira ba.

Na gode wa Malam da dattawa da suka jure ni. Na gode wa Dokta da bai cire wayar makirufo ba, na ga hannunsa ya je wurin sau biyu. Anti Raki, na gode, miyarki ta yi aikin da bakina ya kasa. Mma Sherifatu, Allah ya saka, ke kika san abin da kike yi da kika ce ni.

Ya Allah, bawanka Osmanu ya wanke mamatanmu, ka wanke shi daga zunubansa. Ya tari baƙinmu da riga a hannu, ka tare shi da rahamarka. Ka yafe masa taurin kansa, ka yafe mana abin da muka faɗa a kansa ba mu tambaya ba. Ka sanyaya zuciyar ɗansa da ta ƙanwarsa, ka kai mutanen Manchester gida lafiya. Ka kama mini harshena kafin ya sake cinye wa wani kwana biyu. Ka shayar da Baba daga tafkin Annabinka, ya zauna shi ma a miƙa masa, sau ɗaya ya zama shi ne baƙo.

Amin. Malam, a yi mana Fatiha.